Kwalayen Riek da Suka Haye Iyaka

Riek Hofste ba ta taɓa sayen kwali ba tun da aka haife ta. Duk wanda kika tambaya a Lutterveen, garinmu na kusa da iyakar Jamus, abin da zai fara gaya miki ke nan, kafin ma ya tuna 'yar wane ce.

To 'yar Morsink ce, mai shanu goma sha biyun nan na ƙarshen titin magudana. Ita ce ta shida a cikin takwas, kuma a gidan nan ba a yar da komai. Uwarta idan an kawo mata kyauta, takardar naɗin take fara warewa a hankali, ta goge ta da dutsen guga, ta adana, sannan ta duba mene ne a ciki. A hannun wannan mata Riek ta tashi. Tana shekara goma sha biyar ta shiga masaƙa a Enschede, kullum a keke, ko sanyi ko ruwa. Da aka rufe masaƙar sai ta dawo gida ta auri Bertus direban motar madara, mutum mai sanyin hali da bakin tsokana. Har ta haura sittin bai daina ce mata yarinya ba, ita kuma tun yana da baƙin gashi take ce masa tsoho. 'Ya ɗaya suka samu, Marloes.

Sana'ar da ta sa aka san ta, a bikin furanni ta samo asali, wanda ake yi a watan Satumba, kowace unguwa ta lulluɓe motarta da furen daliya. Ita daliya, kin sani, saiwa ake binnewa, mai kama da dankali. Ki binne guda a watan Mayu, ki tono biyar ko shida kafin ƙanƙara. Ɗakin ƙasan gidan Riek busasshe ne, don haka a can unguwarmu ke ajiye saiwar lokacin sanyi. Shekara ta bi shekara, saiwa tana haihuwa, har ta fi ƙarfin gonar unguwa. Aka ce a zubar da ragowar. Riek ta ce sai dai a zubar da ita tare da su. Ta karɓi hayar wani fili a bayan coci ta shuka abinta. Kakarki ma ta sha karɓar jajayen nan masu tsayi a hannunta.

Marloes ce ta buɗe mata shago a wata kasuwar intanet kafin ta koma Utrecht da aure. Riek ta ɗauka wasa ne, ashe Jamusawa jira suke. Cikin kowane saƙo uku da take aikawa, biyu haye iyaka suke yi. Tana zuba saiwar cikin tsohuwar jarida da dusar katako, ta sa a kwali, ta naɗe da salatif, motar saƙo ta zo ta ɗauka.

Kwalayen kuwa a ina take samu? A Asabar ɗin takarda. Asabar ta farko a kowane wata kowa yana fito da tsofaffin jaridu da kwalaye bakin titi, ƙungiyar badujalar gari ta bi da babbar mota ta kwashe ta kai kamfanin takarda, da abin da ta samu take gyara ƙahonni da ɗinka kaki. Riek ba ta iya busa ko usur ba, amma shekara talatin da ɗaya tana bayan motar nan. Ita ce mai dubawa. In ta ga leda ko roba a cikin ɗaurin wani, ba ta cirewa, ɗaurin take ɗauka ta kai ƙofar mai shi ta danna ƙararrawa. Har fasto ta taɓa mayar wa. Sannan duk kwalin da ke da sauran ƙarfi, na ayaba ne, na takalmi ne, na ƙunzugun jarirai ne, gefe take ajiye shi. Tonnie shugaban badujala, mai busa ƙaton ƙahon nan da ke zagaye ciki, kullum ƙorafi yake wai tana rage musu nauyi. Ita kuma ta ce masa in yana son nauyi ya hau sikelin da kansa.

Shekarar da abin ya faru, tun tsakiyar sanyi kasuwar ta fara aiko mata da saƙo. An ce duk mai aika kaya Jamus a cikin kwali ko leda sai ya yi rajista a can, an ba shi lamba, ya kuma shiga cikin masu ɗaukar nauyin kwashe sharar. Riek ta karanta ta ce wannan da masu sabon kwali ake. Ita da take ceton kwali daga bola, ai lambar yabo ya kamata a ba ta. Saƙo na biyu ya zo, na uku ya zo, ta share.

Ran Litinin ta ƙarshen watan Maris ta tashi ta kunna kwamfuta, ta tarar an rufe mata shafin Jamus. Ba lamba, ba shago.

A ɗakin ƙasa kuwa akwai saiwa wajen dubu huɗu, an raba, an liƙa wa kowace suna. Ita saiwa ba ta san doka ba. Da ta ji ɗumin Afrilu za ta fara tofo, in tofon ya yi tsayin yatsa a hanya zai karye, in Mayu ya shiga ba mai nema, kowa ya riga ya sayi tasa. Mako biyu ke gare ta, in an yi sa'a uku. Aikin shekara guda ke nan kwance a cikin akwatuna, har da tsoffin nau'o'in da ta gada a hannun matan unguwa da suka riga mu gidan gaskiya. Marloes kuma cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, Riek ta hana Bertus ya ko ambata mata.

Ta ɗauki keke ta tafi gidan Tonnie. Ta ce Jamusawa suna son shaida cewa tana kwashe shara, ya rubuta mata. Tonnie ya ji daɗi, don bai taɓa rubuta wasiƙa zuwa wata ƙasa ba. Ya zauna ya cika shafi guda. Ya ce Riek Hofste shekara talatin da ɗaya ba ta fasa Asabar ba sai sau biyu, ɗaya ƙafa ce ta gurɗe, ɗaya jana'izar uwarta ce. Ya ce babu gidan da ba ya tsoronta. Ya buga hatimin ƙungiya mai hoton ganga. Riek ta ɗauki hoton wasiƙar ta aika, a gurbin lamba kuma ta rubuta arba'in da bakwai, lambar katinta ta ƙungiyar badujala.

Amsa ba ta daɗe ba. Aka gode mata, aka ce lambar ba ta yi ba.

Bertus yana shan gahawa ya ce watakila gangar ce ba ta fito sosai ba, a sake bugawa.  Kwana biyu Riek tana sauka ɗakin ƙasa tana ɗaga jarida tana leƙa saiwa. Ranar Laraba ta ga ɗan jan ido ya fito a kan guda, ƙanƙane kamar ƙwayar shinkafa. Ta hau sama ta tsaya a kan Bertus.

«Tashi, tsoho, ka ɗaura amalanke a mota.»

«Ina za mu?»

«Jamus. Kwalayena zan karɓo.»

Kada ki yi dariya, a wurinta magana ce mai kan gado. A nan, in maƙwabci ya kawo miki miya a tukunya, tukunyar komawa take yi. In shanunki sun ɓata titi, ke za ki fito da shebur. Jamusawa sun ce kwalayenta sun zame musu shara, to sai ta je ta ɗauke abinta, ta tara a amalanke, ta ɗauki hoto ta aika wa kasuwa, magana ta ƙare. Ta duba littafin adireshi ta ware gida goma sha ɗaya da ba su wuce tafiyar awa ɗaya ba. Ta yanka burodi mai zabibi ta shafa man shanu, ta cika fulas. Bertus ya tambaye ta sauran ɗari takwas da wani abu fa, har da na Berlin. Ta ce a fara da na kusa.

Safiyar Alhamis suka haye. Minti ashirin ne, a can ma Bertus yake shan mai. Harshe kuma ba matsala, tsofaffin ƙauyukan can da na nan maganar gida ɗaya suke yi.

Gida na farko wani mutum ne ya fito sanye da takalmin ɗaki. Ya saurare ta har ƙarshe, ya nuna mata shuɗin mazubin takarda a gefen gareji, ya ce tun bara kwalin ya tafi, amma furannin sun yi kyau. Gida na biyu ba kowa. Gida na uku kwalin yana nan, sai dai kyanwar gidan ta mayar da shi gado, matar ta ce ko mijinta bai isa ya taɓa ba. Gida na huɗu aka ɗauka su Riek masu wa'azi ne, aka yi musu magana ta taga. Rana ta kusa tsakiya, amalanke fayau yana tsalle a bayan mota, Bertus yana cewa bai taɓa ɗaukar kaya mai sauƙi irin wannan ba.

Gida na biyar a bayan garin Ahaus yake, ƙaramin gida mai dogon lambu. Mai shi Irmgard, shekara shida tana sayen saiwa a wurin Riek, ba su taɓa ganin juna ba. Ta fito tana dogara sanda, gajeruwa, mai faffaɗan hannu, za ta yi saba'in. Riek ta faɗi sunanta da abin da ya kawo ta. Matar ta dube ta daga sama har ƙasa.

«Ashe ke ce mai salatif.»

Ta ce su biyo ta. A ɗakin kayan lambu ta jawo wani kwalin ayaba daga ƙarƙashin tebur, na bara. Riek ta gane abinta. Tsohon kwali ba shi da ƙarfi, don haka takan naɗe shi da salatif mai ruwan ƙasa, ta tsaye, ta kwance, ta kowace kusurwa, don kada ya fashe a hanya. A teburinta na gida ba ta taɓa ganin laifin hakan ba. A nan kuwa, a hasken ƙofa, kwalin sai ya yi kama da ƙafar da aka yi wa ɗori.

Irmgard ta ce shekara ashirin da shida ta yi a wurin tace tsohuwar takarda. Tsaye ake yini a gefen bel ɗin injin da ke jan kaya, takarda tana wucewa a kansa, hannu yana fizge duk abin da ba takarda ba. Ta ce ƙafafunta a can suka ƙare. Ta ce irin wannan kwali in ya taho, tun daga nesa matan ke fara zagin mai shi, ba su san shi ba, ba su san garinsu ba. Shi ya sa duk shekara takan zauna da wuƙa ta ɓare na Riek tas kafin ta sa a mazubi, wannan ne dai yatsu suka hana ta.

Kin ga Riek, wadda ta mayar wa fasto ɗaurinsa saboda ledar mujalla guda ɗaya? Kunnuwanta suka yi ja. Bertus ya buɗe baki, ta take masa ƙafa.

Ta dai yi ƙoƙarin kare kanta. Ta ce ai kwalin tsoho ne, ba ita ta ƙera shi ba, ita ma tsinta ta yi.

«A hannunki tsoho ne,» in ji Irmgard. «Amma a ƙofata ya mutu, mu muka yi masa jana'iza. Ba wanda ya ce ki zo ki ɗauka, Uwargida Hofste. Motar ɗauka tana nan, tana zuwa. Direban yana da iyali, masu tsayuwa a bel suna da ƙafafu. Lambar nan ba komai ba ce illa ki ce kin san da su.»

 Riek ta san nauyin jiƙaƙƙen kwali da sanyin safiya, ta san yadda igiya ke yanka yatsa. Bai dai taɓa zuwa mata ba cewa a ɗaya gefen iyaka ma wani ne ke sunkuyawa. Can ta tambaya, a hankali, ko ana samun lambar nan kafin saiwa ta tofo.

Irmgard ta ce ana samu kafin gahawa ta huce, in mutum ya daina yawo da amalanke.

A teburin kicin suka zauna, da kwamfutar matar da kek ɗin tuffa. Irmgard tana karanta Jamusancin gwamnati tana juya shi zuwa maganar mutane, Riek tana dannawa da yatsa ɗaya. Suna, adireshi, lambar sana'a, duk ta iya. Sai aka zo wurin da kamfanin kwasar shara yake son sanin kilo nawa na takarda da kilo nawa na roba take aikawa a shekara. Nan ta tsaya. Ita da ta san nauyin ɗaurin kowane gida a Lutterveen da ido, ba ta taɓa auna nata ba.

Irmgard ta sauko da sikelin da take awon fulawa. Aka ba Bertus wuƙa ya ɓare kwalin ayabar. Ya fi minti goma yana fama, yana gumi, yana cewa ko bankin ƙasa ba a rufe shi haka ba. Ya dunƙule salatif ɗin ya yi kamar ƙwallon hannu. Suka auna kwali daban, ƙwallo daban, suka ninka da yawan saƙon bara. Takarda ta tashi wajen kilo ɗari huɗu, wannan bai dami Riek ba. Salatif ya tashi kilo arba'in da biyar.

«Maraƙi guda ke nan, yarinya,» in ji Bertus. «Duk shekara kina aika wa Jamusawa ɗan maraƙin roba, ko godiya ba su yi ba.»

Irmgard ta yi dariya har sai da ta riƙe tebur. Riek ma daga baya ta yi, amma sai da ta rubuta gaskiyar abin a fom, ba ta rage ko giram ba. Ta biya abin da ya hau kanta a nan take. Lambar ta shigo suna cikin cin yanka na biyu, doguwa, haruffa a gaba. Riek ta kwafe ta a bayan littafin adireshi, ta sa Irmgard ta duba sau biyu, sannan ta aika wa kasuwa. Irmgard ta gargaɗe ta cewa wannan ta Jamus ce kawai, Faransa tana da tata, Ostiriya ma haka. Riek ta ce ƙasa ɗaya ta isa a yini guda, Faransawa su yi haƙuri da wardi bana. Da kanta ta rufe shafinsu sai sanyi mai zuwa, lokacin da za ta samu sararin zama da takardunsu.

Suka koma gida da amalanke kamar yadda suka fita da shi, sai dai ragowar kek a kujerar baya.

To, ba a nan aka gama ba, don kasuwa ta ce sai ta duba lambar, kwana kaɗan. Sai kuma rana ta buɗe, irin ɗumin nan da ke zuwa da wuri. Ɗakin ƙasa ya fara warin danyar ƙasa. Riek tana sauka sau biyar a yini, duk saukar da ta yi jajayen idanu sun ƙaru. Juma'a ba labari, Asabar ba labari. Dole a nemi wuri mai sanyi, kuma duk wanda ya taɓa zaman huɗuba a Lutterveen ya san ginin da ya fi kowane sanyi. Fasto bai yi musu ba. Maƙwabtan gida takwas suka fito, kamar yadda ake yi in an yi haihuwa ko rasuwa, aka yi ta jigila da baro. Ran Lahadi akwatuna sittin ne jere a bayan bencin ƙarshe. Tonnie ya ce rabon da cocin ya cika haka tun bikin Kirsimeti.

Litinin shiru, Talata shiru. Riek ta daina tanka wa tsokana, Bertus ma ya daina yi. Ta sayo salatif ɗin takarda, wanda ake jiƙawa da soso kafin a manna, tana ta gwada shi a kan tsofaffin kwalaye tana jefa su daga saman matakala ta ga ko za su fashe. Na ayaba sun jure, na takalmi sun watse, ta mayar da su bakin titi.

Laraba da hantsi tana shanya sai wayarta ta yi ƙara a aljihu. Ta ɗauka Marloes ce. Ta duba, ciniki ne daga Münster, saiwa shida. Kafin ta shiga ɗaki wani ya shigo, sai wani. An buɗe shafi, kuma mutanen da suka saba saya duk shekara ashe suna nan suna leƙe.

Kwana tara ana naɗi a garejin Bertus. Matan unguwa suna zuba dusa, maza suna kai akwatuna daga coci, Riek tana tsaye a ƙarshen tebur tana duba tofon kowace saiwa, tana kuma ƙwace salatif a hannun duk wanda ya zagaya fiye da sau biyu. A tsakiyar wannan hidima Marloes ta haihu, Riek ta shiga jirgin ƙasa ta je ta ga jika ta dawo a yinin, da soson jiƙa salatif a aljihun kwat, ba ta sani ba.

Kusan duka sun tafi lafiya. Nau'i ɗaya ne ya riga su, wasu ruwan goro masu saurin tashi, wajen ɗari uku, tofonsu ya kai tsayin hannu, ba kwalin da zai kai su ko'ina. Riek ta dube su, ta ce ba za su mutu a akwati ba. Ta raba wa maƙwabtan da suka yi jigila, ta aika wa Irmgard goma da hannun Bertus, ragowar kuma da sanyi ya gama wucewa ta ɗauki shebur ta binne su a ciyawar da ke kewaye da tashar bas.

Ƙasar wurin nan ashe tana da ƙarfi. A watan Agusta sun fi mutum tsayi, sun rufe allon tashar, sun rufe benci. Direban bas ɗin safe ya wuce mutane sau uku bai gan su ba. Tun daga nan in ya iso wurin sai ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya tambayi furannin ko akwai mai tafiya.